Koko zalla ba ya haɗa ƙashin cinya

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo kuma mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam, don haka ba ƙaramin abu ke karya shi ba. A unguwannin da suka kewaye masana'antun Kano, irin su Ja'en a gefen Sharada, da Panshekara a hanyar Challawa, da Dakata a bayan Bompai, an san abubuwan da ke karya shi a jikin yaro. Tirela ce ko tifa ke juya kai a titin da ba a ware wa mai tafiya a ƙasa gefensa ba. Adaidaita Sahu ne ke kauce wa rami ya ɗebi yarinya mai talla. Katangar ƙasa ce ta sha ruwan Agusta ta rufto. Ko kuma yaro ne ya hau mangwaro reshe ya ɓalle da shi. Da zarar an ɗauke shi daga ƙasa, gardamar da ke tashi a gida ba ta wuce guda ɗaya: a kai shi wurin mai ɗori, ko a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala? Kawu ya ce asibiti yanke ƙafa suke yi, maƙwabci ya ce ai ɗori ne ke ruɓar da ita, uba kuma yana can yana lissafin abin da ke aljihunsa. Dukkansu a kan hannun da zai daidaita ƙashin suke magana. Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da yaron zai riƙa ci a makonni shida zuwa takwas da zai yi a kwance. A ganina wannan tambaya tana cikin maganin kansa, kuma a gidajen leburorin masana'anta ita ce aka fi saurin mantawa da ita.

Dalilin yana cikin yadda ƙashi ke warkewa. Mai ɗori da likita, duk ƙwarewarsu, babu mai haɗa ƙashi a cikinsu. Iyakarsu su jera ɓangarorin biyu su fuskanci juna, su hana su motsi. Sauran aikin jiki ne ke yin abinsa, mataki-mataki. A kwanakin farko jini yana taruwa ya daskare a tsakanin ɓangarorin. Daga nan wani nama mai laushi, mai kama da guringuntsi, ya mamaye wurin ya riƙe baki biyun. Bayan mako biyu zuwa uku naman ya fara tauri, domin jiki yana zuba masa sinadaran kalsiyam da fosfaras, har ya zama dunƙulen sabon ƙashi da likita ke nuna wa iyaye a hoton eksire. Daga ƙarshe, cikin watanni har zuwa shekaru, jiki yana rage dunƙulen yana miƙar da ƙashin. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙashi furotin ne, mafi yawansa irin wanda ake kira kolajin, sauran kuma ma'adinai. Wanda ya san ginin soro na gargajiya zai gane lamarin nan take: azara ce ke riƙe siffar gini, ƙasa kuma ta cike ta ba shi tauri, kuma ɗaya ba ta tsayawa in babu ɗayar. Jiki ba ya iya yin kolajin mai ƙarko sai da bitamin C, ba ya jan kalsiyam daga hanji yadda ya kamata sai da bitamin D, ƙwayoyin da ke aikin kuma suna buƙatar zink da isasshen jini. In ban da bitamin D da fata ke samarwa a hasken rana, duk sauran ta baki suke shiga.

Abin da ba a cika sani ba shi ne, karayar babban ƙashi tana fara cin jiki tun kafin ginin ya kankama. A farkon shekarun 1930 wani likitan Sikotilan mai suna David Cuthbertson ya riƙa auna fitsarin mutanen da suka karye a dogayen ƙasusuwa a birnin Gilasgo. Ya tarar cewa bayan rauni jikinsu yana zubar da sinadarin naitirojin fiye da ƙima na tsawon kwanaki, alamar cewa jiki yana narkar da tsokarsa don ya sami abin aiki. Ma'anar wannan ga yaron da tifa ta buge a Sharada a fili take. Ya zubar da jini a cikin cinyarsa ko da fata ba ta fashe ba, shi ya sa take kumbura ta yi tauri. Raɗaɗi da firgita da magani sun ɗauke masa sha'awar abinci. Kwanciya wuri ɗaya tana sa tsoka ta zube, ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi kuma ya riƙa sakin kalsiyam ɗinsa. Ga shi yaro ne, girma ba zai tsaya jiran ƙafarsa ba. Yaron da ya shiga wannan hali da ajiya a jikinsa zai ci daga ajiyar ya wuce. Wanda ya shiga babu komai fa?

Irin wannan yaron na biyu kuwa ba baƙo ba ne a Kano. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, an tarar fiye da rabin yaran jihar Kano har yanzu suna wannan sahu. Na 2018 ɗin ya kuma nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna fama da ƙarancin jini. Tsumburewa ba ta da hayaniya. Yaron yana guje-gujensa, yana zuwa Islamiyya, ana aikensa kanti, kowa yana cewa ai ƙaramin jiki gadon gidansu ne. Bai yi kama da hoton tamowa da ake mannawa a bangon asibiti ba, don haka babu wanda hankalinsa ke tashi, har sai ranar da jikin ya buƙaci ƙari.

Zama kusa da inji bai fitar da waɗannan unguwanni daga cikin lissafin ba. Bompai, wadda ta fi tsufa, ta fara tun ƙarshen zamanin Turawa, Sharada da Challawa suka biyo baya, kuma an yi lokacin da aikin kamfani ke nufin albashi tsayayye da ɗan asibitin ma'aikata. Tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antu da yawa suka rufe, musamman masaƙu, kuma da dama daga cikin masu shiga ƙofar waɗanda suka rage a yau 'yan kullum ne: ka yi aiki a biya ka, ka yi fashi ka tashi a tutar babu. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a wannan shekarar, Kano ta sa nata 71,000, amma ɗan kullum da mai dakon buhu da mai sayar da garau-garau a bakin ƙofar kamfani ba lallai wannan ya taɓa su ba. Gidan da ya shiga irin wannan matsi ba ya daina dafa abinci. Abin da ke shiga tukunyar ne ke sauyawa. Ƙwai ne ke fara fita, sai kifi, sai nono, a bar masara da shinkafa da taliya da garin rogo. Ciki yana cika, yaro ya yi barci, a ɗauka an wuce wurin.

A nan ne wasu ke cewa ciwon ƙashi na rashin abinci matsalar ƙasashen sanyi ce, tunda mu rana har ta yi mana yawa. Likitocin Jos sun daɗe da amsa wannan. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan yara 123 masu ciwon laushin ƙashi, irin wanda ke bankare ƙafa ko ya sa gwame. Sun raba su gida uku na tsawon mako 24: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu kuma duka biyun. Waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kawai. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne awon abincinsu: kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana suke samu, kuma 'yan uwansu da ake gani lafiya lau ma kusan haka suke samu. Masana na duniya sun cim ma matsaya a 2016 cewa yaron da ke samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗarin wannan ciwo, a Amurka kuwa abin da ake so ɗan shekara huɗu zuwa takwas ya samu shi ne 1,000. Kofi ɗaya na nono yana ɗauke da kusan 300. Masara ba ta da abin kirki, ga kuma wani sinadari a dusar hatsi da ke kama ɗan kalsiyam da zink da ke cikin abinci ya hana hanji shan su. Tuwon Jos da tuwon Panshekara ba su da wani bambanci a wannan fanni.

Sannan karayar da kanta tana talauta gidan a daidai lokacin da yaron ya fi buƙatar ci. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara masu karaya ya ga yadda abin yake. Ƙafa a miƙe, an manna mata filasta daga cinya zuwa idon sawu, igiya ta ratsa ta ƙarshen gado an ɗaura mata nauyi yana reto, don ya ja tsokar cinya ta bar ƙashin ya zauna. Jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyu kuwa ƙafafu biyun ake ratayewa sama, ɗuwawu ya ɗan tashi daga katifa. Wasu ana naɗe su da bandeji mai daskarewa tun daga ƙirji har ƙafa. Manyan yara, in akwai hali, a yi musu tiyata a zura siraran ƙarafa masu lanƙwasa a cikin ƙashin, dabarar da likitocin birnin Nansi na Faransa suka yaɗa, wadda ke sa yaro ya koma gida da wuri amma ta fi tsada. A gefen gadon uwa ce a kan tabarma. Ita ce da ma ke soya awara ko ƙosai, ko ɗinkin hula, kuma sana'ar ta tsaya cak tun ranar da abin ya faru. Uba in ya zo jinya ya rasa kuɗin ranar. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun ciwo har kwana 12 a shekara, amma na ciwon kansa ne, kuma ɗan kullum ma bai san da zamansa ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita, a yawancin asibitocinmu kuma abincin mara lafiya yana wuyan danginsa. Kuɗin hoto da na magani da na gado ba a ɗaga su zuwa gobe, na kifi kuwa ana ɗagawa. Leƙa ƙarƙashin gadon ka gani: filas na koko, ledar biredi, kula mai ɗan tuwon jiya, sai lemon kwalba da biskit da 'yan dubiya suka kawo da kyakkyawar niyya.

Likitan ƙashi mai gaskiya zai tare ni a nan ya ce an yi ƙari, domin ƙashin yaro haɗuwa yake yi ko ana so ko ba a so. Yana da gaskiya mai yawa. Fatar da ke lulluɓe da ƙashin yaro tana da kauri da yalwar jini, shi ya sa cinyar jariri ke haɗuwa cikin mako biyu zuwa uku, alhali ta babba sai ta ci wata uku ko fiye. Likitoci ma suna da ɗan lissafi na bisa kai ga ƙananan yara: shekarun yaro a ƙara uku, shi ne makonnin da zai yi a cikin bandeji. Ƙafar da ta karye tsakanin shekara biyu zuwa goma takan yi saurin girma na ɗan lokaci, ta ƙara kimanin santimita ɗaya, shi ya sa ba a damuwa in ta ɗan gajarce da farko. Ƙin haɗuwa gaba ɗaya ba kasafai yake faruwa ga yara ba. Sai dai haɗuwa ba ita kaɗai ake nema ba. Dunƙulen da ya yi jinkirin tauri yana iya lanƙwashewa da zarar an cire nauyi ko yaro ya taka, ƙafa ta haɗu a karkace. Yana iya sake karyewa a wuri ɗaya. Fatar yaron da ya rame ta fi saurin yin gyambo a inda bandeji ke gugarta da inda ƙugu ke danna katifa. In kuma karayar irin ta mota ce, wadda ƙashi ya huda fata ya fito ya kwashi ƙurar titi, to ƙwayar cuta ta sami ƙofa, kuma jikin da ke fama da yunwa shi ne ya fi kasa korar ta. A irin waɗannan ne ake samun ƙashin da ke ruwa wata da watanni ya ƙi haɗuwa. Kowane ƙarin mako a gado kuma ƙarin mako ne da uwa ba ta sana'a, abincin ya ƙara lalacewa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ban ga dalilin rage masa ƙarfi ba: abin da ke nakasa yara masu karaya a Arewa, kafin a zo maganar abinci, shi ne ɗaurin da ya matse da kuma jinkirin zuwa asibiti. Tsokokin cinya suna da ƙarfin da ke jan ɓangarorin ƙashi su hau kan juna, gajerun karan ɗori ba sa iya riƙe su sai an tamke sosai, tamkewar kuma a kan cinyar da ke ƙara kumbura tana iya datse jini. Yatsu su yi sanyi, su yi duhu, yaro ya yi ta kukan da ba ya lafawa, a ce ai ɗori ne ke kamawa. Likitocin ƙashi a sassan Najeriya daban-daban sun sha rubuta cewa ruɓewar da ke biyo bayan irin wannan ɗauri tana cikin manyan dalilan yanke gaɓar yara, kuma yawancin yankan da ake tsoron asibiti saboda shi a nan yake farawa. Babu ƙwai ko nonon da zai ceci ƙafar da jini ya daina isa gare ta. Amma a duba wane ne ke zuwa wurin mai ɗori. Sau da yawa gidan da ya kasa kuɗin Dala ne, wato shi ne gidan da tukunyarsa ta fi rauni, sai matsalolin biyu su taru a kan yaro ɗaya. Ga shi kuma maganar mai ɗori tana da kwarjini a unguwa fiye da takardar asibiti. Duk wani shiri na horar da masu ɗori su gane alamun haɗari su tura yaro asibiti da wuri, asara ce a bar shi bai haɗa da abin da za su gaya wa uwa ta dafa ba. Haka kuma yaron da cinyarsa ta karye daga ɗan tuntuɓe a tsakar gida, ba mota ba faɗowa daga sama, ya kamata a binciki ƙashin nasa tun asali: laushin ƙashi ne, ko sikila ce da ta yi yawa a cikinmu, ko wani abu dabam.

Akwai kuma masu cewa mafi yawan hujjar da ke haɗa abinci da warkewar karaya daga ɓeraye aka samo ta, ko daga tsofaffin Turawa da suka karye a ƙugu. Haka ne, a nan hujjar ta fi kauri. An karya ƙashin ɓeraye a ɗakin gwaji an rage musu furotin, dunƙulen ya fito da rauni. An ba tsofaffi masu karayar ƙugu ƙarin furotin, matsalolinsu suka ragu. A ɓangaren yara, wani bincike da aka buga a Amurka a 1993 kan yara masu shanyewar gaɓoɓi da aka yi wa tiyatar ƙashin baya ya nuna cewa waɗanda awon jininsu ya nuna ƙarancin abinci sun fi kamuwa da ƙwayar cuta kuma sun fi daɗewa a asibiti. Babu mai hankalin da zai raba yara masu karaya gida biyu ya bar rabi da yunwa don neman hujjar da ta fi wannan. Abin da ya rage shi ne a auna kuskure biyu. In aka ciyar da yaro ya zamana ƙashin da ma zai haɗu, an yi asarar me? Yaro tsumburarre ya sami wata biyu na abinci mai kyau. In aka bar shi ya zamana abincin ne ya rage, ana iya biya da ƙafa. Sai dai wannan hujja tana da iyaka, kuma masu sayar da magani ba sa faɗin iyakar. Yaron da ke ƙoshe da abinci mai kyau, ƙara masa ƙwayoyin kalsiyam ba ya sa ƙashinsa ya riga lokacinsa. Kuɗin da uba zai zuba a kemis kan kwalaben da ake kira maganin ƙashi, ba tare da likita ya rubuta ba, da ya kai su wurin mai kifi da mai nono da sun fi amfani.

Abincin da ake buƙata kuwa ba na kantin masu kuɗi ba ne. Wake da waken suya da gyaɗa, ta hanyar awara da alala da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa mai kauri, suna ba da furotin a farashin da bai kai na nama ba. Ƙwai ɗaya a rana babban abu ne, kuma tsohuwar maganar nan cewa ƙwai yana sa yaro sata ta isa a ajiye ta. Kindirmo ko nono a cikin fura ko kunu shi ne hanya mafi sauƙi ta samun kalsiyam. Kuka da zogale da riɗi suna da shi fiye da hatsi nesa ba kusa ba, amma a faɗi gaskiya, ɗan cokalin kukar da ake kaɗawa a tukunyar mutum goma ba zai cike giɓin ba, sai an ƙara da gangan. Ƙwalba da goba da lemo suna ba da bitamin C. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage sinadarin nan mai kama kalsiyam. Laifin koko shi ne ruwa ya fi yawa kuma babu komai a cikinsa in ba a zuba ba. Romon ƙashin saniya da ake ɗauka shi ne abincin mai karaya yana buɗe ciki, yana da ɗan amfaninsa, amma kalsiyam ɗin yana nan a cikin ƙashin da ake jefarwa, kaɗan ne ke sauka a ruwan. Ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙayarsu aka zuba a miya sun fi shi. Masu binciken nan na Jos sun gwada dakakken kifi da ƙayarsa a kan yara masu laushin ƙashi, kuma ya yi aiki.

Wani abu da ya keɓanta da waɗannan unguwanni shi ne ruwa. Dattin masana'antun Sharada yana bin rafin Salanta, na Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga kogin Jakara, na majemun Challawa kuma ya gangara kogin Challawa, kuma ana noman rani da wannan ruwa. Bincike da dama sun tarar da ƙarafa masu guba a cikinsa. Hanjin yaron da ke da ƙarancin kalsiyam da ƙarancin jini ya fi shan dalma in ta samu, dalma kuma a ƙashi take zama. Don haka in aka ce a ƙara ganye, a kula da inda aka yanko shi.

Babban giɓin da nake gani yana cikin tsarin kula da tamowa kansa. Tef ɗin da ake auna damtsen yaro da shi, wanda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna tamowa mai tsanani, an yi shi ne don 'yan wata shida zuwa wata 59. Madarar gyaɗar nan ta leda da ake bayarwa a cibiyoyin tamowa ma ga wannan rukuni ake rabawa. Yaran da mota ke karya wa cinya kuwa da yawansu sun haura biyar, su ne masu tsallaka titi zuwa makaranta da masu talla da almajirai. Ɗan shekara takwas da ya tsumbure yana kwance da igiya a ƙafa ya wuce shekarun shirin tamowa, sashen ƙashi kuma hankalinsa yana kan hoton eksire. Gyaran wannan ba ya buƙatar sabon gini. Asibitin Dala, wanda ke aiki tun 1959, da na Murtala da na Malam Aminu Kano duk suna da sikeli da ɗakin gwajin jini. A auna nauyi da tsawon kowane yaro mai karayar cinya ranar da aka kwantar da shi, a duba jininsa, a ba shi maganin tsutsar ciki in ya dace, a sake auna shi duk mako. Wanda aka ga ya gaza a rubuta masa abinci a takardar da aka rubuta magani, jami'in abinci ya zauna da uwar su yi lissafi da abin da ke kasuwar unguwarsu. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, wadda aka kafa da dokar 2016, tana iya sa abincin yaro mai doguwar kwanciya cikin abin da take biya wa marasa ƙarfi.

Masana'antun ma suna da hannu a ciki ko sun so ko ba su so ba, tunda manyan motocin da ke bin titunan nan kayansu suke ɗauka, iyayen yaran kuma su ne ke tsaye a bakin injinansu. A cikin waɗannan masana'antu ake matse gyaɗa da waken suya a fitar da mai, ake niƙa gari, ake sarrafa kayan sha da biskit, kuma Dawanau mai tarin riɗi da wake ba ta da nisa. Ƙungiyar masu masana'antu tana iya ɗaukar nauyin ƙwai da nono da garin kunu mai waken suya ga ɗakunan yara masu karaya, abin da bai kai kuɗin dizal ɗin janareta na 'yan kwanaki ba. Kamfani kuma yana iya ba ma'aikacin da ɗansa ke kwance 'yan kwanakin jinya ba tare da yanke masa kuɗi ba, har da ɗan kullum. Bayan sallama ne aikin ya fi tsawo, domin ƙashin yana ci gaba da tauri da miƙewa wata da watanni a gida, inda babu nas babu likita. Duk ranar da aka dawo da yaron ɗaukar hoto, a ɗora shi a sikeli kafin a shiga da shi ɗakin eksire, a rubuta nauyin a katinsa kusa da na zuwan da ya wuce.